Kwamanda Belmiro Ya Sauka Daga Ɗaya

Souto Fundeiro, watan Mayu

Zuwa ga taubashiyata Graciete,

Gaisuwa mai yawa, irin wadda ake tsayawa a ji amsarta, ba irin ta wurin aikinku ba. Ina fata kina lafiya, ke da Gwaggo Palmira. Yaya gwiwar tata? Mu nan lafiya lau. Matata Deolinda na fama da ciwon baya, amma bakinta ƙalau yake. Zaitun ya yi fure sosai bana. Ciyawa kuma ta yi tsawon da ba na so, don in ta bushe mu 'yan kwana-kwana za ta hana sakat.

Da waya zan buga miki, to kin san wayar garin nan a shagon kofin Abílio take, kuma duk abin da mutum ya faɗa a can, kafin ya isa gida matarsa ta ji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Graciete, me na yi miki? Ranar Talata na ɗauki oba-oba don gwajin safe, sai na ji muryarki daga Cibiya, babban ofishinmu na lardi. Raina ya yi fari. Na ce kai, ga jinina an ɗora a kujerar da duk 'yan kwana-kwanan lardin nan ke saurare. Na gaishe ki, na tambayi Gwaggo, na fara ba ki labarin cukun da Deolinda ta ajiye miki. Ina sakin maɓalli don in ja numfashi, sai kika kira ni da sunana na oba-oba kika ce, "Fundeiro Ɗaya, bar layi." Shi ke nan. A kunnen lardi duka. Kwamandan ƙauyen da ake kira Casal da Moura har danna nasa maɓallin ya yi don kawai in ji dariyarsa. Kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito. Ni na saɓa ki a wuya ranar bikin coci don ki hango masu busa, kika zuba mini ruwan lemo a ka, ban ce miki bar wuya ba.

Bayan wannan kuma ga takarda daga ofishinku, wai daga bana ƙungiyarmu a layi na bakwai za ta riƙa aiki. Bakwai! Casal da Moura, waɗanda motarsu sai an tura take tashi, an ba su huɗu. Yaushe aka yi jarrabawar, wa ya duba ta, har muka zo na bakwai? Tun ina da gashi a ka nake magana a layi na ɗaya, kuma ban taɓa jin wuta ta ƙi mutuwa don haka ba.

Ki ba ni amsa a takarda, tunda a oba-oba ba ki san ni ba.

Yayanki,
Belmiro, Kwamandan 'yan sa-kai na Souto Fundeiro

Birnin lardi, watan Mayu

Yaya Belmiro, taubashi mai saurin fushi,

Na gaishe ka, na gaida Yaya Deolinda da 'yarku Lurdes da mijinta. Ka gani, a takarda ina da gaisuwa har ta yi yawa. Mama na gode maka. Gwiwar ba daɗi, likita ya ce sai an yi aiki, muna jiran a kira mu asibitin birnin Coimbra. Ni lafiyata lau, sai kunnuwa da suke kwana suna amsa kuwwa.

Wallahi da na ji muryarka ranar nan sai da na yi murmushi. Amma Yaya, muddin yatsanka na kan maɓalli a layi na ɗaya, babu mai iya magana a lardin nan, har ni. Lokacin da kake bayanin cuku, mai gadin hasumiyar arewa yana ta ƙoƙarin gaya mini ya hango hayaƙi. Allah ya taimaka wani manomi ne ke ƙona shara. Shugabana kuma yana tsaye a bayana, yana tambaya ko cukun na akuya ne ko na tunkiya.

Bari in warware maka zancen lambobin. Ba jarrabawa ba ce, babu na ɗaya babu na kashin baya. Ka ɗauki layi na ɗaya kamar ƙofar coci ranar Lahadi. Kowa ta nan yake shiga, don haka ba a tsayawa hira a bakinta. Shi ne yake bi ta eriyar da ke ƙolin dutse, kowa a lardi yana ji. A kansa ake kai rahoton wuta, a kansa Cibiya ke ba kwamandoji umarni. Da zarar an kama aiki, masu riƙe da mesa sai su koma layin aikinsu. Shi wannan ba ya bi ta eriya, daga oba-oba zuwa oba-oba ne, ba ya nisa. A can ku yi ta "ƙara ruwa" da "ja baya" yadda kuke so, ba wanda kuka tare wa hanya. An ba ku bakwai, an ba Casal huɗu, don ku maƙwabta ne, kada maganarku ta hau tasu. Da an juya lambobin ma duk ɗaya ne. Sai layi na goma sha biyu, na jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauko ruwa a guga. Shi mutum ɗaya tak ne daga ƙasa yake magana da matuƙi, wanda Cibiya ta ba izini.

Tsarin bai cika ba, na yarda. Akwai kwaruruka da eriyar ba ta kaiwa, irin Barroca ɗinku. Wanda ya gangara can ba ma jin sa, ba ya jin mu. Mun rubuta a ƙara eriya, an ce ana dubawa.

Yanzu gaskiya ɗaya zan gaya maka, don gara ka ji daga bakina. Yaya, ka daɗe a kan ɗaya, kuma kowa ya shaida. Lokaci ya yi da za ka koyi sauka ka bar wa wasu, tun kafin zafi ya shigo. Manya a nan ma sun yi maganar.

A aiko da cukun, kada fushi ya shafe shi.

Ƙanwarka,
Graciete

Souto Fundeiro, watan Yuni

Zuwa ga Graciete, ma'aikaciyar Cibiya,

Lafiya lau. Allah ya ba Gwaggo sauƙi.

Saƙo ya iso, na kuma fahimta. Na gode da aka turo jinina ya gaya mini, ba baƙo ba. Za a yi yadda manya suke so. Cuku na nan tafe a motar Alhamis.

Belmiro

Souto Fundeiro, ƙarshen Yuni

Graciete 'yar'uwa,

Ni ce Deolinda. Ina gaishe ki da Gwaggo. Bayana yana nan yadda yake, kaina ne yanzu ya karɓi ciwon, kuma ke ce sila. Ki yi haƙuri da rubutun, na rabu da riƙe alƙalami.

Don Allah me kika rubuta wa mutumin nan? Takardar tana aljihun rigarsa, ko wanki zan yi sai ya cire ta ya mayar a wata. Ranar da ta zo ya karanta, ya zauna shiru har miya ta huce. Ni tun da na aure shi ban taɓa ganin shirunsa ba sai in barci yake, shi ma ba kullum ba. Can ya ce, "Deolinda, Ɗaya ya sauka." Na ce wane Ɗaya? Ya buga ƙirji.

Ya tara 'yan ƙungiya, ya yi jawabi tun rana na tsaka har inuwa ta juya, ya ajiye hular kwanonsa a tebur, ya yi kuka. Suka ba shi haƙuri, ya ce umarni ne daga sama, ba zai faɗi wanda ya aiko ba. Da suka ga da gaske yake sai suka shirya masa bikin bankwana. An gasa ɗan akuya, Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a, masu busa sun zo, aka ba shi agogon bango. Ya sake yin wani jawabin.

Kin san wa suka zaɓa? Custódio, mijin Lurdes ɗinmu, mai gidan burodi. Wannan bawan Allah tun da ya auri 'yarmu, in ya zo gidan nan "ina kwana Baba" da "sai da safe Baba" kawai muke samu. Belmiro ya ce an cire ƙararrawa an rataya buhun fulawa.

Yanzu ga shi a gida, ni ce ƙungiyar tasa. Ya ajiye bokitin yashi kusa da murhuna, na yi tuntuɓe da shi har sau biyu. Ya sauya wa tukwanena wuri, wai don a samu hanyar fita in wuta ta tashi. Jiya na same shi yana jera kaji kafin ya ba su tsaba. Na ce, "Malam, ko za ka je shagon Abílio ka sha kofi?" Ya ce, "In je su tambaye ni dalili?" Na ce, "To ka je gona." Ya ce, "In wuta ta tashi wa zai ji?" Na ce, "Kai yanzu ina ruwanka?" Sai ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa.

Akwai tsohuwar oba-obarsa, tasa ce ta kansa, ba ta ƙungiya ba. Da ita yake cin abinci, da ita yake hawa rufin ɗaki, don ya ce a can ta fi kamawa. Ba ya dannawa, saurare kawai yake yana gyara wa mutane magana shi kaɗai.

In ke kika sauke shi, ki zo ki ɗauke shi ku tafi birni. In kuwa ba haka kike nufi ba, ki yi magana tun ban kai shi kasuwa ba.

Taki,
Deolinda

Birnin lardi, watan Yuli

Yaya Belmiro,

Gaisuwa a gurguje. An yi wa Mama aiki, ta fara takawa da sanda, har ta fara faɗa da ma'aikatan jinya, ka san sauƙi ya samu ke nan. Muna Coimbra duk tsawon lokacin nan, shekaranjiya muka dawo na tarar da wasiƙar Yaya Deolinda a ƙarƙashin ƙofa, amma sai yau na samu buɗe ta.

Yaya! Layi na ɗaya nake nufi! Layi! Ka sauka daga layi na ɗaya in ka gama kai rahoto, ka koma bakwai, ka bar wa wasu su yi magana. Wa ya ce ka sauka daga kujerarka? Ni wace ce da zan sauke kwamanda? Ko mai sharar ofishinmu ban isa in sauke ba. Maganar da manya suka yi kuwa, cewa suka yi kai ne ka fi kowa sanin dazukan kudu, da dai za a samu mai rage maka zance.

Abin haushin, gajeruwar wasiƙarka ta same ni ranar da za mu tafi, na karanta na ji daɗi. Har na nuna wa Mama na ce, "Kin ga Yaya ya gane, dubi yadda ya taƙaita." Takardar murabus ɗinka kuma wani ofis ta je, suka ɗauka gajiya ce, suka sa hannu. Ni sai jiya da na koma aiki na kira Fundeiro Ɗaya, na ji wata murya ta ce, "Lafiya. Na gama." Na ɗauka mura kake yi.

Ka tara mutanenka ka gaya musu kuskure ne. In kana jin nauyi, ni zan rubuta in ce laifin alƙalamina ne. Zafi ya shigo, daji ya bushe ƙayau, ba lokacin zaman gida ba ne.

Ƙanwarka mai neman afuwa, ko da yake rabin laifin naka ne,
Graciete

Souto Fundeiro, watan Yuli

Taubashiya,

Barka da dawowa, barka da arzikin Gwaggo. Ki ce mata ta bi sandar a hankali. Mu muna lafiya. Deolinda ta kwashe yashina ta zuba wa kaji.

Na fito da tsohuwar wasiƙar na sake karantawa da tabarau. To, ana iya karanta ta yadda kika ce. Amma ke ma ki duba: ni ne Fundeiro Ɗaya, kin ce na daɗe a kan ɗaya, kin ce in sauka, kin ce manya sun yi magana. Ko Fada aka ba wannan, haka zai fassara.

Komawa kuwa ba za ta yiwu ba. Graciete, na ci akuyar. Ban tsaya nan ba, na nemi ƙari. Na rungumi kowa ɗaya bayan ɗaya, na yafe wa waɗanda ma ba su nemi yafiya ba. Agogon yana rataye a falo. Da wane ido zan shiga in ce musu ku ba ni hulata, karatu ne ban iya ba? Mutanen Casal da Moura za su yi ta ba jikokinsu labari. Kuma hular a kan mijin 'yata take. In cire ta daga kansa, Lurdes ta daina kawo mana burodi?

Saboda haka zancen nan ya tsaya tsakanin mu uku. Na sa Deolinda ta rantse, ko da yake ta yi dariya har sai da bayanta ya motsa.

Ina sauraron surukin nawa kullum. Gwajin safe ya ce, "Lafiya. Na gama." Ko sunan Allah babu. Na san ku a can daɗi kuke ji. Ranar nan ciyawa ta kama a bakin titi, ya kai rahoto a ɗaya, ya ce wa yara su koma bakwai, na murɗa na bi su can. Har suka kashe wutar bai faɗi abin da zai cika cokali ba. Ta mutu dai, ban ce ba ta mutu ba. Amma ƙarama ce.

Tambaya ɗaya. Mutumin da ba shi da muƙami, in yana da oba-obarsa, an yarda ya ɗan sa baki in ya ga ana kuskure? Ba don ni nake tambaya ba.

Yayanki,
Belmiro

Birnin lardi, farkon Agusta

Yaya,

Muna lafiya, Mama na gaisuwa. Aiki ya yi yawa, wuta ta ko'ina.

Amsar tambayar wancan mutumin da ba kai ba: a'a. Sai in rai ne ke cikin haɗari.

Graciete

Souto Fundeiro, ƙarshen Agusta

Graciete ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo. Muna raye dukanmu, wannan ita ce lafiyar da zan ba ki labari. Muryata ta dishe, Deolinda ta ce wannan ma wata rahama ce. Kin ji rabin abin da ya faru da kunnenki, bari in ba ki rabin da na gani da idona.

Bayan abincin rana hayaƙi ya tashi a dajin bishiyoyin turare da ke bayan Barroca. Kafin ƙararrawar coci ta gama bugawa ina kan rufi. Na ga motarmu ta gangara kwarin, Custódio a gaba. Na ji ya gaya miki a ɗaya cewa za su tare ta a bakin rafi, sai muryarsa ta ɓace daga layinku. Na murɗa bakwai, ga su nan tangaran, don gidana ya fi kowane gida tudu, kwarin yana ƙarƙashina, eriyarku kuma tana gabana.

Suna cikin aiki iska ta juya. Ni na ji ta a ƙeyata. Na murɗo ɗaya, sai na ji ki. "Fundeiro Ɗaya, Cibiya. Wuta ta tsallake tudu ta bayanku, ku fito." Shiru. Kika sake. Shiru. A karo na uku muryarki ba ta ma'aikaciya ba ce, ta yarinyar nan ce da na sani. Na duba, na ga abin da mai gadin hasumiya ya gaya miki. Harshen wuta ya leƙo ta bayan tudu yana gangarowa wajen hanyar da suka shiga, su kuwa hayaƙin gabansu ya rufe musu ido.

Wallahi akwai magana cike da bakina. Ina so in ce miki tun bara na faɗa, ina so in ce uban jikokina ne a ciki, da ɗan Abílio, da sauran da na koya wa riƙe mesa. Na danna, abin da ya fito shi ne, "Cibiya, Belmiro. Ina jin su a bakwai." Kika ce, "Belmiro, ka zama gada. Gaya musu su fito." Ban taɓa jin umarni mai daɗin wannan ba.

Na murɗa bakwai. "Custódio, wuta a bayanku. Hanyar sama za ta rufe."

Ya ce, "Na ji, Baba. Hanyar injin niƙa?"

Na duba. "A buɗe take, amma wuta na bin gefenta."

Ya ce, "Ku bar mesa. Kowa mota." Ko ɗaga murya bai yi ba. Da ni ne, Graciete, da sai na tsaya naɗe mesar, don sabuwa ce.

Haka na yi ta murɗawa, ɗaya, bakwai, ɗaya, bakwai, har yatsana ya yi ƙanta. Sai kika ce jirgi ya iso, Custódio na fama da mota cikin hayaƙi, ni ke ganin kwarin, in hau goma sha biyu in yi wa matuƙi jagora. To a nan ne aka samu ɗan saɓani, kuma ina so ki ji daga bakina kafin ki ji a wani wuri.

Matuƙin ya ce, "Ƙasa, ba ni wuri." Na ce masa hanyar da ta bi ta bayan gonar marigayi Anacleto. Ya ce bai san marigayin ba. Na ce Allah sarki, mutumin kirki ne. Ya ce, "Ba ni alamar da zan gani daga sama." Na yi tunani in fara nuna masa inda nake, sannan in nuna masa hanya da hannu. Na ƙwala wa Deolinda kira ta miƙo mini zanin gado daga igiyar shanya. Na ce, "Ka ga farin ƙyalle ana kaɗawa?" Ya ce, "Na gani." Na ce, "To nan ne." Ina nufin nan ne nake. Kafin in ƙara kalma ya ce, "Na saki."

Gugan farko duka a bayan gidana ya sauka. Kabejin Deolinda ya kwanta kamar an yi masa guga, akurkin kaji ya bar inda yake ya koma gonar maƙwabci, ni kuma feshin ya zaunar da ni a kan rufi. Yatsana na kan maɓalli lokacin da Deolinda ta fito tana faɗin ra'ayinta game da ni da jirgin da wanda ya ƙera shi. Ina jin matuƙin ya ji, don da na saki ya ce, "Ƙasa, a ba Hajiyar gida haƙuri," ko wani abu mai kama da haka cikin ladabi. Na ce, "Daga ƙyallen, ka miƙe yamma, ƙasan kwari, hanya mai bin rafi. Zuba a gefen hagu." Sauran gugan duk inda ake so suka sauka.

Da na hango jar motar ta ɓullo ta wajen injin niƙa, fentin gefe ɗaya ya ƙone, na ƙirga kawuna suka cika, na gaya miki sun fito. Ban san me kika ce ba, don na riga na ajiye oba-obar. Ruwan jirgi ya tafi da tsanina, sai da maƙwabta suka kawo tsani na biyu aka sauko da ni.

Mun yi asarar dajin turare da zaitun ɗin gangare. Gida ko ɗaya bai kama ba.

Washegari Custódio ya zo da burodi mai zafi da hular kwano a hannu. Ya ajiye ta a gabana ya ce, "Baba, taka ce." Na ce, "Wa ya ce a bar mesa?" Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Na ce, "To mai wannan maganar shi ne mai hula. Ɗauki abarka." Muka zauna muka cinye burodin. Zama da yaron nan ashe ba laifi.

Yayanki,
Belmiro

Birnin lardi, watan Satumba

Yaya Belmiro,

Na gaishe ka da babbar murya, na gaida Yaya Deolinda, ina mata jajen kabeji. Mama ta ajiye sanda. Ta kunna kyandir a coci saboda ku, ta ce ɗaya na kajin ne.

Ka ce ba ka san me na ce ba da ka gaya mini sun fito. To ga abin da na yi. Na cire abin kunne na ba abokin aikina, na shiga banɗaki na yi kuka. Lokacin da nake kiran Custódio yana shiru, na san sarai dalilin shirun, na kuma san ba ni da wata hanya. Da muryarka ta shigo, ban taɓa son jin surutun mutum irin na ranar ba, sai ga shi ka ƙi yi.

Yanzu labari biyu. Na farko, eriyar Barroca har yanzu ana dubawa. Kafin a gama dubawa, an rubuta a tsarin lardi cewa duk lokacin da aka shiga kwarin, dole a sa mutum a tudu da oba-oba biyu, ɗaya a layi na ɗaya, ɗaya a layin aiki. Custódio ya aiko da sunanka. Sunan kiranka Gadar Fundeiro. Babu lamba a ciki, don kada a sake samun fassara.

Na biyu, ka san duk abin da aka faɗa a layukanmu ana naɗa. Mai horar da sababbi ya ɗauki faifan ranar. Da safe yana saka musu wurin da ka yi gada, ya ce haka ake yi. Da yamma yana saka musu wurin zanin gado, ya ce haka ba a yi. Sababbin ba su san mutum ɗaya ne ba. Ni ban faɗa ba. Sai dai kullum suna roƙo a maimaita musu jawabin Yaya Deolinda, wasu har sun haddace.

Ƙanwarka,
Graciete

Souto Fundeiro, watan Oktoba

Graciete,

Deolinda ce. Muna lafiya, ruwa ya sauka, ƙasa ta yi sanyi. Kaji sun dawo sai biyu, su ma an ce an gan su a Casal da Moura, ba na jin za a dawo da su.

Yayanki ya ce in gaya miki ya karɓi aikin, ba zai samu rubutowa ba don yana da hidima. Hidimar ita ce, 'yan ƙungiya sun ce rufina ba wurin aikin hukuma ba ne, suna gina masa 'yar rumfa a tudun da ke bayan maƙabarta. Tun safe yake tafiya ya tsaya a kansu. Na ce masa ai zafi ya wuce, sai baɗi za a buƙace shi. Ya ce gada ba ta hutu. Ban ja da shi ba. Ina ɗaure masa burodi da cuku da zaitun, in raka shi har ƙofa, in rufe. Tukwanena sun koma inda suke.

Maganar faifai kuma, na ji. Ban ji kunya ba, don duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma ki tambaya mini, tunda ana koyarwa da muryata, ko hukuma za ta aiko mini da irin kabeji.

Ku zo ke da Gwaggo lokacin tsinkar zaitun, akwai ɗaki. Abu ɗaya nake roƙonki kafin nan. Duk wasiƙar da za ki rubuta wa mutumin nan, ki sa sunana a bayan ambulan. Ni zan fara karantawa, in gaya masa abin da kike nufi.

Taki,
Deolinda